Abin da Aka Samu a Damtsen Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, da wanda ya riga da wanda ya saura. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, a ƙauyenmu da ke kudu da Gazawa, dab da iyakar Katsina. Ina cikin aji ina koyarwa a Agiye aka kira ni. Kafin mota ta cika, ta tsaya nan ta tsaya can, in sauka Gazawa in hau kabu-kabu, har an kai shi an dawo.

Na shiga gidan ina tsammanin abin da aka saba ji a gidan mutuwa, a ce mutumin kirki ne, a ce an yi rashi. An faɗa, amma a gajarce, kowa idonsa a tabarma. Ina zama hirar da matan ke yi ta mutu. Wata tsohuwar maƙwabciya ta kama hannuna ta ce, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi yahe mishi abin da munka sani, da wanda ba mu sani ba." Ta ja ƙarshen maganar yadda kowa zai ji. Mutum ɗaya na ga tana kuka na gaskiya, wata Bafulatana da ta tako daga ruga da ƙwaryar nono a kanta, ita ma don maganar da ake raɗawa a kansa ba ta iske ta ba ne.

Mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"An samu abu a jikinshi," in ji ta.

"Wane abu, Inna?"

"Laya, a damtsen hagu. Yayanku ya hwasa ta wurin wanka. Sunayen mutane ne, ɗiyata, kowa da sunan uwarshi."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. In ka ga an rubuta sunan mutum da na mahaifiyarsa an ɗinke a fata, ba ka tambayar me ake so da shi, asiri ne. A takardar Kawu kuwa suna arba'in da ɗaya ne. Kafin a gama haƙa kabari labari ya kai kasuwa, cewa Balgare, kamar yadda suke kiransa, likitan dabbobi mai yi wa mutane wa'azin tsafta, ashe shekara da shekaru yana yawo da mutane arba'in da ɗaya ɗaure a hannunsa.

Na san takardar. A duk duniya ni kaɗai na rage da na san ko mece ce. Tana aljihun babban ɗan Kawu, wanda muke kira Yaya, ya kuma so ƙone ta tun a ranar. Ƙanen Kawu ne ya tare shi, ya ce a bari sai ranar sadakar uku, in dangi na Cadawa da na Gidan Rumji sun taru, a duba ta gaban liman. Kwana uku ke nan nake da su.

Bari in faɗi ko wane ne shi, tunda waɗanda ya kamata su faɗa sun yi gum.

Kawu na cikin yaran farko da aka kama aka kai lakol, makarantar boko, daga ƙauyenmu, bayan ya yi nisa a makarantar allo. Ya yi ta wucewa har zamanin da ake tura ɗalibai ƙasashen gurguzu, shi rabonsa ya faɗa Balgariya, karatun likitan dabbobi. Ya dawo da takarda a hannu da akwati ɗaya, aka yi ta jefa shi daga wannan kasuwa zuwa waccan yana duba nama yana yi wa shanu allura, har ya ajiye aiki ya dawo gida. Waɗanda suka je Faransa sun zama manya a Yamai. Shi abin da ya samu shi ne sunan Balgare, da yara da manya ke kiransa da shi, rabi wasa rabi raini.

Shi ma dai bai taimaki kansa ba. Mutum ne da zai yanka kokwamba a cikin nono, ya daka tafarnuwa ya zuba, ya ƙara gishiri, ya sha yana lumshe ido. Matarsa ta ware masa ƙwarya tasa shi kaɗai don kada ta ɓata mata sauran. In ya so tsokana, sai ka tambaye shi abu ya girgiza kai, ka juya za ka tafi ya ce, "Ina za ka? Ai na ce i. Can haka ake cewa i." Yana da wata rigar ulu mai nauyi, baƙa, mai warin tumaki, da yake fito da ita da zarar sanyi ya ɗan taɓa. In muka yi kukan sanyi muna yara sai ya dube mu ya ce, "Kun taɓa ganin ruwan alwala ya daskare a buta? To ku yi mini shiru."

Abin mamaki, ba ya hirar babban birnin da ya yi karatu. Hirarsa duka ta wani ɗan gari ce a cikin duwatsu, a bakin iyakar ƙasar da Girka, inda aka tura shi shekarar ƙarshe ya koyi aiki a garken tumakin gwamnati. Sunan garin ya fi ƙarfin bakinmu, don haka muke ce masa garin Kawu. Na san garin nan kamar na je. Gidajen dutse ne a jikin gangare, rufinsu ma faffaɗan dutse, rafi na gudu a ƙasa, ganyen taba a rataye a kowace barandar gida. Mota ɗaya ke zuwa a yini, ita ma sai kana da takardar izini, don soja ke tsaron wurin. Mutanen garin Musulmi ne tun zamanin da Turkawa ke mulkin ƙasar. A da, in sanyi ya shigo, sukan gangara da tumakinsu har kusa da teku, su dawo da bazara. Sai aka yi yaƙe-yaƙe, manya suka zauna wani wuri suka ja layi a kan tsaunin, wurin kiwon ya koma wata ƙasa, dangi rabi nan rabi can. Daga baya aka kafa shingen waya, aka share ƙasa a gefensa ana bi da manjagara kullum don a ga sawun wanda ya taka.

"Kamar mu ne," Kawu kan ce. "Kakanmu na kwance can ƙasar Katsina, mu muna nan. Sai dai mu jaki muke hawa mu tahi ziyara. Su, in ka nuhi wayar nan, harbe ka ake."

A majalisar ƙofar masallaci, da ya soma sai a fara zungurin juna. Wani ya ce, "Balgare, yau ma duwatsun ne?" A yi dariya. Tun yana ƙarasa labari har ya koma yana yankewa a tsakiya, daga baya ya daina. Ni ce na zame masa majalisa, don ni tun ina ƙarama kunnena na son labari, shi kuma ba shi da wani mai saurare.

Ba zan ce Kawu ba shi da hali ba. Yana da zafi, kuma in ya ga gaskiya ba ya duba fuskar kowa. Rigimarsa da sarkin pawa har yau ana tuna ta. Ranar kasuwa ce, an yanka wani sa, Kawu ya buɗe huhu ya ga abin da ya gani, ya ce naman nan ba ya shiga cikin mutane. Sarkin pawa ya bi shi gefe yana lallashi, ya kawo dattawa, ya ce a yanke wurin da ya lalace a sayar da saura. Kawu ya je ya ɗauko galan na kananzir ya juye a kan naman gaba ɗaya, gaban 'yan kasuwa. Sarkin pawa ya rantse ba zai yafe ba. Kawu ya ce, "Kar ka yahe. Ni dai ba a binne yaro saboda hatimina." Bayan shekara biyu ƙafar sarkin pawa ta kumbura, ba ta sake komawa daidai ba. Ciwon sukari ne, likita ya faɗa masa a Maraɗi, amma shi yana da nasa bayanin.

Wannan mutumin dai shi ne wanda duk matar da mijinta ya mutu ya bar mata 'yan awaki ta san ƙofarsa. Na taɓa raka shi ruga, wurin Bafulatanar nan da ta zo da nono ranar rasuwarsa. Saniyarta ɗaya tak, ɗan maraƙi ya gicciye mata a ciki. Kawu ya tuɓe riga, ya durƙusa cikin kashin shanu da tsufansa, hannunsa har kafaɗa a cikin saniyar, tun hantsi har azahar ta gota. Da maraƙin ya faɗo yana numfashi, matar ta rasa abin da za ta yi, ta kamo zakara za ta ba shi. Ya ce ta mayar, in tana son biyansa ta riƙa kawo masa nono marar ruwa. A ranar na fara ganin layar, da ya tuɓe, baƙa wuluk don tsufa, ɗaure a damtsensa.

A hanyar dawowa na tsokane shi. "Kawu, kai da kake cewa allura ta fi rubutu, ashe kai ma kana da taka?"

Bai yi dariya ba. Sai da muka kai gindin wani gawo ya ce in zauna.

Ya ce lokacin da ya isa garin nan na duwatsu, ya tarar an riga an canza wa mutanen sunaye. Gwamnati ce ta ce ba ta son sunan Musulunci a ƙasarta. An zo da soja, an tara mutane a buro, ofishin gwamnati, kowa aka miƙa masa jerin sunaye ya zaɓa, wanda ya ƙi ya sha duka ko a tafi da shi. An kulle masallaci. Ba su tsaya kan masu rai ba, har iyaye da kakanni da suka mutu an bi rajista an sake musu suna, duwatsun da ke kan kaburbura kuma an kankare rubutunsu. Mutum na da sunan da ake kiransa a wurin aiki, da wanda matarsa ke raɗa masa in an rufe ƙofa.

Kawu bai san da haka ba da farko, don ba mai faɗa wa baƙo. Wata rana yana alwala a ɓoye bayan garke, sai ya ji mutum a kansa. Wani tsohon makiyayi ne da suke aiki tare, wanda bai taɓa ce masa komai ba sai gaisuwa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa har ya wanke ƙafa, sannan ya yi masa sallama irin tamu, a hankali, yana waige-waige. Kawu ya ce da ya amsa, sai tsohon ya fashe da kuka kamar yaro.

Aka yi watanni, tsohon na kawo masa cuku da burodi, shi ya ba shi rigar ulun nan. Da lokacin tafiyar Kawu ya matso, sai ya kai shi can saman dutse inda tumaki ke kiwo, ya tambaye shi ko ya iya rubutun Alƙur'ani. Kawu ya ce ya iya. Tsohon ya fito da takarda da guntun fensir ya ce ya rubuta. Ya fara jero mutanen gidansu da suka mutu, da sunayensu na gaskiya, tun daga kakan kakansa har zuwa ɗansa da ya nufi shingen waya wata shekara bai dawo ba. Kowa sai ya haɗa da sunan mahaifiyarsa. Kawu ya tambaye shi dalili, ya ce a wurinsu in an binne mutum, malami kan tsaya a kan kabari ya kira shi da sunan uwarsa, ya tuna masa amsar da zai ba mala'iku. Da wannan sunan suka san za a kira su. Yanzu an hana malami tsayawa, an kankare dutse, jikokinsa ma sababbin sunayen suka sani. Shi ba ya iya ajiye takardar a gida, in aka gan ta ya shiga uku. Ya ce, "Kai ƙasarku ana salla a fili. Ka tafi da su can, ka riƙa kiransu."

Mutum arba'in ya jero. Da suka gama ya ce a ƙara ɗaya, ya faɗi nasa sunan da na mahaifiyarsa. Kawu ya ce ai kai kana da rai. Ya ce rubuta dai.

Matar tsohon ce ta ɗinke takardar a fatar tunkiya. A filin jirgi masu bincike suka taɓa ta suka tambaya, Kawu ya ce maganin gargajiya ne na mutanen Afirka. Suka yi dariya suka ce ya wuce.

Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan sallar asuba, Kawu kan zauna a kan buzunsa ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu addu'a. Ya haddace su tun da daɗewa, ba ya buƙatar buɗewa. Ya karanta mini su a gindin gawon nan, da wani irin sauti da ba namu ba. Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa mutane ba. Ya ce da farko alkawari ne, kada magana ta zaga ta koma ta cuci tsohon. Daga baya kuma, "Wa zan hwaɗa ma? Waɗanda ke dariyar duwatsu?"

Na ce masa ai na ji gwamnatin nan ta faɗi tuntuni, an ce kowa ya koma sunansa. Ya ce shi ma ya ji a rediyo, har ya yi sujada ranar. "Amma mai rai shi ka zuwa buro shi bi layi shi karɓi sunanshi. Wa za ya bi ma matacce layi?" Ya rubuta wasiƙa garin sau biyu, ba amsa. Wata rana na nemo masa hotunan garin a wayar salula, lokacin idonsa ya riga ya tafi. Na ce ga gidajen dutsen, ga rafin. Ya ce, "Akwai hayaƙi bisa gidajen?" Na duba da kyau, na ce gida biyu ko uku. Sauran tagoginsu a rufe suke da katako, an ce matasa duk sun tafi neman aiki wasu ƙasashe.

Nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sau uku Kawu yana cewa in zo da kaye, littafin rubutu, da biro, ya faɗa in rubuta da boko, in buga a na'ura in ajiye. Na farko na ce sai an gama jarrabawa. Na biyu na zo hutu, na ɓata kwanakin a bikin wata ƙawata. Na uku, watanni biyu kafin rasuwarsa, har na zauna, sai aka ce motar Agiye za ta tashi. Ya riƙe gefen mayafina ya ce, "Ɗiyata, arba'in da ɗaya ne kawai, ba su da yawa." Na ce, "Kawu, in na dawo." Ni da nake tsare yara a aji in hana su fita sai sun kwafe darasi.

A kwana ukun nan na bi duk wanda zan iya bi. Na gaya wa mahaifiyata, ta yarda, amma ta ce maganar ta maza ce. Na gaya wa ƙanen Kawu, ya ce labarin ya yi daɗi da yawa, irin na marigayi. Na tare Yaya a bakin rumbu na ce ya ba ni ita minti biyar kawai. Ya ce, "Malama, ki bari sai gaban liman." A wajen gida kuwa magana sai ƙara kumbura take. Waɗanda suka leƙa takardar wurin wanka sun riƙe wasu sunaye, kuma sunayen irin namu ne, don Musulmi ko'ina sunansa ɗaya. Sai kowa ya shiga lissafin wanda ya dace da shi. Wata ta tuna ɓarin da ta yi, wani ya tuna gonarsa da ta ƙi. Sarkin pawa ya aiko a karanta masa, aka tarar layi na bakwai sunansa ne da na mahaifiyarsa, ba ragi ba ƙari.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, dattawa suka koma zaure. Mace ba ta shiga, don haka na tsaya a bakin ƙofa ta cikin gida, na yi sallama, na roƙi a ba ni izini. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, da tsohon, da dutsen, da kaburburan da aka kankare. Na kai har ƙarshe.

Wani daga cikin 'yan majalisa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Duwatsun ne dai har yau." Na ji 'yar dariya ta zaga.

Sarkin pawa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a tsakiyar tabarma. "Turawa ne za su yi suna irin nawa, har da na uwata? Ku dube ni nan. Shekara nawa ina jan wagga ƙahwa?"

Na ce, "Baba, a garin nan kaɗai mutum nawa ke da sunanka?"

Ya ce ba da ni yake magana ba.

Liman mutum ne mai sanyi, ya kuma yi zaman mutunci da Kawu. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba hatimi, ba zane, ba wata kalma ta sihiri, sunaye ne zalla. Zuciyata ta ɗan kwanta. Sai ya ce, "Ɗiyata, in maganarki gaskiya ce, Allah ya san sunan bayinshi, ƙonewa ba ta rage su da komi. In kuma ɗayar ce, mun sauke ma mamaci kaya, mun kwantar da hankalin gari. Kin ga ta kowane gehe ƙonewar ta hi."

Na ce to a bar ni in ɗauki hotonta da salula, ko in kwafe, sannan a ƙone. Sarkin pawa ya ce sunansa ba ya shiga salular kowa. Yaya, wanda tun da aka fara bai ɗaga kai ba, ya dube ni, idonsa jawur.

"In kin kwahe, mi anka ƙone? Ubana ne. Ni na wanke shi, ni na sa shi cikin rami. Kina so in kwana ina tunanin ana tambayarshi kan abin da na iya cire mishi ban cire ba?"

Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne da ƙauna. Sanin hakan bai rage mini komai ba, har yau ina jin haushinsa, kuma ina jin haushin kaina fiye da nasa.

A bayan zaure aka yi, da ashana ɗaya. Takardar ta tsufa ta bushe, ba ta ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha ruwa ba. Fatar ce ta daɗe tana hayaƙi, warinta ya shigo har cikin gida. Na ji sarkin pawa na cewa alhamdu lillahi, wai har ya ji ƙafar ta yi sauƙi. Abin da ya wuce sojan Balgariya da karnukansu saboda sun ɗauke shi laya, shi ne ya ƙone a gidan mai shi saboda mun ɗauke shi laya.

Da la'asar na shiga ɗakin matar Kawu, tana zaune cikin takaba, na buɗe kayen da na kasa buɗewa yana da rai. Na matse kaina na rubuta abin da ya maƙale mini daga gindin gawo. Tara na samu. Ta tambaye ni me nake rubutawa, na faɗa mata. Ta ce ita shekara arba'in tana jin sa ta bayan labule kowace Juma'a, ta ɗauka malamansa ne na can, ba ta taɓa tambaya ba. Ta rufe ido tana bin sautin da yake yi, ba kalmomi, sautin kawai, sai ga biyu sun faɗo mata. Ta ce na biyun ta riƙe shi ne don in ya kai nan muryarsa kan sauka. Ina jin ɗan tsohon ne da ya nufi shingen waya, amma ba ni da wanda zan tambaya.

Ga su nan yadda Kawu ke faɗinsu, don kada a ce ban rubuta ba. Mehmed ɗan Fatme. Ahmed ɗan Emine. Aishe ɗiyar Hatije. Ismail ɗan Zeineb. Fatme ɗiyar Aishe. Mustafa ɗan Hawwa. Salih ɗan Emine. Hatije ɗiyar Meryem. Hasan ɗan Aishe, wanda sarkin pawa ya taimake ni ban manta da shi ba. Sai na matar Kawu, Zeineb ɗiyar Fatme, da Yusuf ɗan Hatije.

Allah ya jiƙansu, ya jiƙan wanda ya ɗauko su daga bayan duwatsu ya riƙe su a damtsensa har ya kwanta. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sa ka tarar da su sun san ka. Gari ya ci gaba da harkarsa, ana gaisawa da Yaya da girmamawa saboda ya yi abin da ya dace, yara kuma an hana su bi ta bayan zauren.

Ni yanzu kowace Juma'a bayan asuba nakan kira sha ɗayan nan, sannan in ce da sauran talatin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe. Kawu bai taɓa kiransa da komai a hira ba sai Tsoho, sunansa sau ɗaya na ji, a gindin gawo, lokacin hankalina ya riga ya koma kan rana da ke faɗuwa da tafiyar da ta rage mana. Mutumin da ya hau dutse ya ba baƙo amanar matattunsa, ya ce a ƙara da shi tun yana da rai don kada ya ɓata, na juya kaina ta kowace fuska, ban tuna sunansa ba.